Mutum Huɗu Bayan Karyar Masara

Fatakwal, 16 ga Maris

Zuwa ga Adda Mukarrama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Baffa da 'yarki Farida. Yaya azumi? Ƙafar Baffa ta bar kumburin kuwa? Ni lafiya lau nake, sai zafin garin nan mai danƙo, wanda ko wanka ka yi sai ka fito kamar ba ka yi ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun ƙarshen watan jiya aka rufe mini layi, wai sunan da ke katina na ɗan ƙasa bai yi daidai da na layin ba. Can an rubuta Jumare, nan an rubuta Jumari. Saboda harafi ɗaya na yi kwana uku ina bin layi a kan layi, ƙarshe suka ce na'ura ta ƙi, in dawo bayan sallah. Na ari wayar abokin aikina na kira ki sau ɗaya ba ki ɗauka ba, daga baya kuma sai a kashe. Da na ga Lado direba yana sauke tumatirin Ikara, sai na ce ga gidan waya Allah ya kawo mini har ƙofa.

Aiki a karar shanu ya yi sanyi. Motoci ba sa saukowa kamar da, waɗanda suka iso ma shanun sun rame, rabin aikina yanzu tayar da waɗanda suka kwanta ne. Mahauta uku ke haɗuwa a kan saniya ɗaya. Garin kwakin da muke rainawa ya zama abincin masu hali.

Mun ji a rediyo labarin ɗaliban da aka kwashe a yammacin jiharmu. Mutanen nan ba su san nisan can da Makarfi ba, da sun ji Kaduna sai su juyo su dube ni. Wani mai sayen fata da muke wasa da shi ya ce mini, "Ku ne ko?" Na taya shi dariya, amma har na sha ruwa maganar ba ta bar raina ba. Ku yaya makarantarku?

Idan kin bi ta ƙofar gidan Alhaji Iliyasu mai hatsi, ki gaishe mini da mutanen gidan. Kin san wadda nake nufi, kada ki sa in rubuta.

Ƙanenki,
Zulkifilu

Tudun Kanya, ta Gubuchi, 21 ga Afrilu

Ƙanena Zulkifilu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da jin lafiyarka. Barka da sallah. Ƙafar Baffa da sauƙi, Farida ta yi zazzaɓi ta warke.

Ka tambayi dalilin da wayata take a kashe. Bayan abin da ya faru da ɗaliban nan, garinmu ya kafa 'yan sa-kai. Shamsuddeen, ɗan ƙanen Alhaji Iliyasu, wanda ke riƙe masa makullin sito, shi aka ba shugabanci. Da hantsi suka zagaya gidajen Fulani kaf suka karɓi wayoyi, wai za a duba lambobi. A tawa suka ga baƙuwar lambar da ka kira ni da ita. Suka tsayar da Baffa a gaban shanunsa suna tambayarsa ko ta wace ce. Baffa fa, wanda aka yanke wa cibi a garin nan, wanda shanunsa suka yi wa rabin gonakinsu taki. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ta ɗana ce, kun san shi, tare kuka yi kamun kifi a fadama." Da suka dawo da wayoyin sai ya haɗa tawa da tasa ya sa a tukunya ya kife. Ya ce daga yau takarda ta ishe mu, ita ba ta kuka a aljihu. Don haka ko an buɗe maka layi kada ka kira.

Ajina na yara hamsin da biyu ne, yanzu in an samu ashirin an gode. Wasu tsoro ya hana, wasu kuma ba a hura wuta a gidansu da safe ba. Ko babur ya wuce da gudu sai ka ga yara sun shige ƙarƙashin benci.

Sallah ta zo ta wuce ba armashi. Tiyar masara ta kai inda ban taɓa ji ba, kuma kowa ya san siton Alhaji a cike yake. Ba wanda ya ce komai, amma in mota ta tsaya a ƙofarsa sai hirar majalisa ta yanke.

Na isar da gaisuwarka, tunda kai kunya ta hana ka kiran sunan Wasila. Ta gama karatun kiwon lafiya, tana aiki a ƙaramin asibitin garinmu. Ta ce in tambaye ka ko teku na da nisa da inda kake.

Addarka,
Mukarrama

Tudun Kanya, 23 ga Yuni

Zulkifilu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, damina ta zauna, sai dai taki ya gagari mutane. Lado na jira, ba zan tsawaita ba.

Ka ji an dawo da tsohon taken ƙasa. Takarda ta zo cewa a koya wa yara, amma duk makarantarmu babu malamin da ya san karinsa. Ashe Baffa bai manta ba, tun aji ukun da ya yi. Hedimasta ya aika aka ɗauko shi, ya tsaya da sandarsa a gaban yara yana rerawa suna bi. Ban taɓa ganin ya yi dariya haka ba tun rasuwar Inna. A hanyarmu ta komawa gida muka tarar 'yan sa-kai sun gitta itace a bakin gari. Suka ce ya buɗe jakarsa. Goro ne da carbi a ciki.

Addarka,
Mukarrama

Fatakwal, 25 ga Yuli

Adda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baffa malamin waƙa, da Farida. Ina lafiya. Ki faɗa wa mai tambaya cewa teku ba nisa, amma ban taɓa zuwa ba, ina jiran abokin rakiya.

Nan ana ta maganar zanga-zangar tsadar rayuwa da za a fara ɗaya ga wata. Shugabannin kara sun ce kada ɗan Arewa ya fita, domin in abu ya ɓaci mu za a fara nema. An kuma ce an kafa wa makiyaya ma'aikata tasu. Ki faɗa wa Baffa, ko zai ji sanyi.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Kin tuna maganar da muka yi ranar da zan taho. Kunya ba za ta bar ni in kira sunanta a takarda ba, ke dai kin gane. Na gama shiri. Mutum huɗu ne za su zo, duk na amince da su, biyu daga nan, biyu daga Kudan. Ba yanzu ba, sai an karya masara, lokacin da kowa ke da abu a hannu. Abin da nake so ki bincika mini a hankali shi ne, waɗanne ranaku Alhaji Iliyasu yake gari, waɗanne yake Zariya? In ya tafi gona, da wane lokaci yake dawowa? Ba na so su zo su tarar ba ya nan. Kada kowa ya ji tukuna, ko Baffa. Kin san garinmu, in magana ta fita tun ba a yi ba sai a ɓata ta.

Ƙanenki,
Zulkifilu

Tudun Kanya, 22 ga Agusta

Zulkifilu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, amma hankalinmu ba a kwance yake ba. Wata biyu ke nan ba mu ga rubutunka ba. Kullum Baffa sai ya tambaye ni, kullum in ce hanya ce ba kyau. In ba ka da lafiya ka faɗa. In fushi kake, ban san laifina ba. Wannan ma wani mai kai barkono na ba, don ban ga Lado ba tun kafin rikici.

Ka ji abin da aka yi a Zariya da Kaduna, har aka sa dokar hana fita. Mu ma guguwar ta taɓa mu. Ran kwana na biyu da fara zanga-zangar samari suka taru a ƙofar siton Alhaji suna ihun yunwa. Wasu cikinsu ni na koya musu baƙi da wasali. Shamsuddeen ya hau kan buhu ya harba bindiga sama, suka watse. Tun daga ranar ya zama abin da ya zama. An saya wa yaransa babura, shi ke raba faɗa, shi ke cewa wane ya kwana a gari wane ya fita. Mai unguwa ma sai ya dubi fuskarsa kafin ya yi magana.

An kori gidan Fulani biyu daga wajen fadama, wai an ga baƙi sun sha ruwa a wurinsu. Ba a ce sun yi komai ba, an dai ce an ga baƙi.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai. Shekaranjiya ina dawowa daga makaranta Shamsuddeen ya tsayar da babur a gabana. Ya gaishe ni da ladabi, har da cire hula. Sai ya ce, "Malama, yaya mutanen Fatakwal? Yaushe za mu yi baƙi?" Na ce waɗanne baƙi? Ya yi murmushi ya ce, "Ai masara ta kusa." Ya ja babur ya tafi. Ko ka san abin da yake nufi?

Ka rubuto, don Allah.

Addarka,
Mukarrama

Fatakwal, 14 ga Satumba

Adda,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ki kwantar da hankalin Baffa. Ba fushi, ba ciwo. Na rubuto miki tun ƙarshen Yuli. Jiya na ritsa Lado a kasuwa, ya ce ranar da ya iso Makarfi ana jajibirin zanga-zanga, yana sauri ya kai motar mai gidansa Kano kafin a rufe hanya. Ya ga Shamsuddeen a tasha, ya ce ai garinku ɗaya, ya ba shi ya kai miki. Ya rantse bai yi da wata manufa ba, na kuma yarda.

Tunda abin ya zama haka, bari in ajiye kunya. Neman auren Wasila nake so a je a yi mini wurin mahaifinta. Kawu Ismail na Kudan da limaminsu, da dattawa biyu na kararmu, su ne mutum huɗun da na ambata. Na tambaye ki ranakun da Alhaji yake gida don kada su yi zuwan banza. Abin da ke cikin takardar ke nan. Na ji kunya ƙwarai da wani ya karanta, amma ban ga abin tsoro a ciki ba. Wataƙila Shamsuddeen zolayarki yake yi.

Maganar ma an ɗaga ta. Da aka sake ƙara kuɗin mai, dattawan nan suka ce ba za su iya tafiyar ba sai bayan sabuwar shekara. Ɗaya daga cikinsu kuma ɗan Maiduguri ne, ambaliyar nan ta cinye gidan 'yan'uwansa, ya tafi nemansu. Don haka babu mai zuwa bana.

Ki je ki karɓo takardarki. Ki kuma fara shafa wa Baffa maganar.

Ƙanenki,
Zulkifilu

Tudun Kanya, 27 ga Oktoba

Zulkifilu,

Assalamu alaikum. Ni da Farida muna raye. Ka zauna kafin ka karanta sauran.

Na je wurin Shamsuddeen kamar yadda ka ce. Ya ce wace takarda, shi ba a ba shi komai ba. Na dawo na yi shiru, na ɗauka ƙarshenta ke nan.

Ran tara ga wata, da hantsi, Alhaji Iliyasu yana gonarsa ta bayan tsauni ana karyar masara, mutum huɗu suka zo a kan babura biyu suka tafi da shi. Ba su tambayi kowa wane ne shi ba, kai tsaye suka nufe shi. Washegari aka tara gari a ƙofar mai unguwa, aka aiko a zo da ni da Baffa. Shamsuddeen ya zaro takardarka daga aljihu ya karanta da ƙarfi. Bai ƙara ko harafi ba, Zulkifilu, ba ya bukata. Mutum huɗu. Sai an karya masara. Waɗanne ranaku yake gari. Da wane lokaci yake dawowa daga gona. Kada kowa ya ji. Ni da na san ma'anarta ma sai da jikina ya yi sanyi.

Na ce maganar aure ce, na kawo takardarka ta Satumba. Wani ya ce, "Ai wannan bayan ya ji ta farko ta ɓata ya rubuta." Na tambayi Shamsuddeen me ya hana shi nuna ta tun watan Yuli, in har ya ga haɗari a ciki. Ya ce bincike yake yi. Ba wanda ya sake bi ta kan tambayar. Kawu Ismail ya zo daga Kudan ya yi rantsuwa, suka ce ai kura ba ta ba da shaidar kura. Lado kuwa ya daina biyowa ta nan.

Sun tafi da Baffa. Yana ɗakin da suke ajiye mutane a bayan kasuwa, yau kwana goma sha bakwai. Ina kai abinci, wani lokaci a karɓa. Sau ɗaya na gan shi ta taga. Ya ce in faɗa maka yana lafiya. Ba ya lafiya, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Sun ce ba za su sake shi ba sai ka zo.

An dakatar da ni daga makaranta. Masu sayen nono sun daina tsayawa. Ga shi wuta ta ɗauke a Arewa duka kusan mako, inji ba niƙa, rediyo ba magana, garin ya koma jita-jita kawai.

Baffa ya ce kada ka zo. Ni ma na ce kada ka zo. Ba tambayarka za su yi ba.

Addarka,
Mukarrama

Fatakwal, 5 ga Nuwamba

Adda,

Salamu alaikum. Na karanta. Hannuna ne ya rubuta, Baffa ko ganin takardar bai yi ba. Ba zan zauna ina cin abinci yana kwance a ɗakin wasu ba. Na san kin ce kada in zo, shi ma ya ce, ku yafe mini wannan saɓawar.

Zan sauka a tasha ranar kasuwa da rana tsaka, gaban kowa, don kada a ce na shigo a ɓoye. Ki roƙi Kawu ya sanar da hukuma tun da wuri. Kada ki zo tashar, kada Farida ta fita.

Ki ce wa Wasila ina yi wa mahaifinta addu'a. In ba ta son jin sunana, kada ki faɗa.

Ƙanenki,
Zulkifilu

Tudun Kanya, 29 ga Disamba

Ƙanena Zulkifilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da zaman haƙuri. Lauyan da Kawu ya samo ya ce zai shigar maka da wannan har cikin gidan gyaran hali. Ya ce haƙarƙarinka ya fara haɗewa, ka kuma soma cin abinci. Alhamdu lillahi.

Ba na son tuna ranar da ka sauka, amma akwai abin da ba ka gani ba saboda jini ya rufe maka ido. Na saɓa maka, na je tashar. Lokacin da ka faɗi, wani ya riga ya kwance galan ɗin fetur daga bayan babur. Wasila ce ta ratso taron da farar rigarta ta asibiti ta tsaya a kanka. Ta ce, "Ubana ne a daji, ba naku ba. Na san da maganar auren nan tun bara, ni na ce ya turo. Wanda zai ƙona shi ya fara da ni." Tana nan tsaye har motar hukuma ta iso. Tun ranar danginta suka kai ta wurin gwaggonta a Ikara, ba na jin labarinta.

An saki Baffa kwana biyu bayan an tafi da kai. Yana takawa da sanda, amma magana ta yi masa wuya. Ya ce da zarar an gama sheƙar dawa zai kora shanu ya koma wurin Kawu a Kudan, ni da Farida mu bi shi. Na ce nan aka binne Inna. Ya ce ƙasa ba ta kore ta ba, mu ta kora.

Alhaji Iliyasu ya dawo ran sha biyu ga wata, bayan an sayar da abin da aka sayar an biya kuɗin fansa. Ba za ka gane shi ba. Na bari aka rage zuwa jaje, sannan na je na durƙusa a zaurensa. Ya sallami kowa. Kafin in buɗe baki ya ce, "Malama, na san yaron nan ba shi da hannu. A can na ji suna magana. Wanda ya nuna musu gonata a kwano ɗaya muke cin tuwo." Na ce to Alhaji ka faɗa wa alƙali. Ya ce, "Ran da za su sake ni sun lissafa mini sunayen 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, har da na goye. Ki yi mini uzuri."

Ban tambaye shi suna ba. Na san wanda ya riƙe takardarka fiye da wata biyu, na san wanda ya san ranar da ake karyar masara a wannan gonar. Da na fito mutumin yana zaune a kan benci a ƙofar siton, makullai a hannunsa. Ya ce, "Malama, a gaida gida."

Na faɗa wa lauya duka. Ya ce maganar da ba a maimaita a gaban alƙali ba tamkar ba a yi ta ba ce, amma zai nemi a kira Lado ya faɗi wanda ya ba takardar da ranar da ya ba shi. Ba a san inda Lado yake ba tukuna. An ɗaga shari'ar zuwa Fabrairu.

Wuta ta dawo, rediyo ta dawo da surutu. Yanzu gardamar haraji ake yi, da labarin mutanen da aka tattake a wuraren rabon abinci can kudu. Sun ce shekara mai zuwa za a ga sauƙi. A majalisar garinmu an fara maganar sauran gidajen Fulani uku da suka rage.

Jiya da safe aka kawo buhun masara daga gidan Alhaji, ba saƙo, aka ajiye a ƙofarmu. Hatsinmu ya kusa ƙarewa, Farida ta dube ni. Baffa ya ce kada a shigo da shi, kada kuma a mayar. Yana nan inda aka ajiye shi, kaji sun fara huda gindinsa.

Ka riƙe sallah, ka ci abin da aka ba ka. In za ka ba ni amsa, ka kira kowane abu da sunansa.

Addarka,
Mukarrama